Robobi Biyar Baƙaƙe

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe goma na safe

Allah ya yi wa masu kamfanin man gogen nan albarka, ya ƙara musu basira. Shekara ashirin da biyu ina sayar da kayansu a kasuwar 'yan mota, ban taɓa ganin ci gaba irin na bana ba. Da can, man da ya fi cin fenti a jar roba yake zuwa, mai bi masa a ruwan lemo, matsakaici a rawaya, mai laushi a fara, na ƙarshe mai sa sheƙi a shuɗiya. Ko akuya ce ta shigo shago ta san wanda za ta ɗauka. Ashe duk ƙauyanci muke yi ba mu sani ba. Yanzu an zuba su biyar ɗin a roba iri ɗaya, baƙa wuluk, mai ƙugu kamar kwalbar turare, an rubuta sunan kowanne da ruwan zinare, siriri kamar sawun tururuwa. Wakilinsu da ya kawo kayan ya ce wani gwani aka ɗauko takanas ya zana. Na ce ai kuwa an ga aiki.

Bai tsaya nan ba. Ya matsa min kowanne a yatsa na murza. Santsi ɗaya, ƙamshi ɗaya, sai ka ce man shafawa. Wai yashin da ke ciki an niƙa shi har yatsa ba ya jin sa, amma in ya shiga ƙarƙashin inji, mai ci yana ci kamar da, har ya fi. Na ce madalla, wato yanzu wuƙa da cokali kamanninsu ɗaya.

Na sa shi ya karanta min sunayen ɗaya bayan ɗaya, don in gwada ko ya san kayansa. Yana karantawa ina jerawa a kanta, daga hagu zuwa dama, daga mai ci zuwa mai sheƙi. Ba don komai ba. Ni mutum ne mai son tsari.

A kasuwar nan Mai Ido ake ce min, kuma ba ni na raɗa wa kaina ba. Mota ta tsaya a bakin layi, in ce wannan ƙofar an sake mata fenti, wancan bonet ɗin rana ce ta dafa shi, a je a duba a tarar haka ne. Man goge kowa na sayarwa. Wurina ido ake zuwa saye, robar kyauta ce. Na rubuta wannan ne don tarihi.

Talata, 3 ga wata, bayan azahar

Mai Batir, maƙwabcina na dama, ya shigo ganin sababbin kaya. Mutum ne da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya ɗaga wannan, ya shinshina wancan, ya ce, "Mai Ido, turare ka koma sayarwa? Ba ni ɗaya in kai wa uwar 'ya'yana."

Na ce, "Ɗauki na farko, zai cire mata duk abin da ya dame ta, har da kai."

Muka yi dariya. Ya mayar da su kanta. Na ji ƙarar ajiyewa sau biyar. Biyar ne dai.

Ƙwan lantarkin shagon nan ya fara mutuwa. Zan canza.

Laraba, 4 ga wata, sha ɗaya da rabi

Mai Soso ya shigo yana haki. Shi ne ke goge motocin Dillali, mai babban filin sayar da motoci a bayan kasuwa. Shekara sha tara muna tare. Bai yi makaranta ba, ko sunansa ba ya rubutawa, amma in ya riƙe injin goge, fenti har godiya yake yi masa. Tun farko muka raba aiki: ni in duba, in karanta, in zaɓa, shi ya goge. Kullum da safe a shagona yake shan shayi, kuma bai taɓa kawo sukari ba.

"Yaya, baƙar motar Dillali ce," ya ce. "Mai saye zai zo la'asar. Ba wani karce ba ne, 'yar saƙar gizo ce a bonet, sai rana ta doka ake gani. Amma fentin ya sha goge a baya, ya yi siriri."

Na ce mai laushi ke nan. Na miƙa hannu, na ƙirga daga hagu, na ɗauko ta huɗu. Ya matsa a yatsa ya murza kamar yadda ya saba. Ya dube ni, ya dubi robar.

"In gwada a ƙasan ƙofa tukuna?"

Ni ne na koya wa rabin kasuwar nan cewa ba a taɓa fuskar mota sai an gwada a ɓoyayyen wuri. Har a bangon shago na sa an rubuta. Amma lokaci ya ƙure, kuma Mai Batir na tsaye a ƙofa yana ji. Na ce, "Haba, Mai Soso. Wannan ko a kumatun jariri ka shafa. Je ka kawai."

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

An ce bonet ɗin ya ƙone.

Alhamis, 5 ga wata, da yamma

Na je filin Dillali. Baƙar motar na ƙarƙashin rumfa, mutane sun kewaye ta kamar an yi rasuwa. Suka buɗa min hanya, "Ga Mai Ido nan, ga Mai Ido nan." Na sunkuya, na karkata kai, na ja baya, na matso, duk abin da na saba yi. Rumfar tasu duhu gare ta. Na shafa da bayan hannu. A kan doron bonet, inda ƙarfe ya tanƙwara, wuri kamar tafin hannu babu santsi. Rigar saman fentin ta tafi, har an kai ga toka-tokar ƙasa, in ji su. In ji ni ma.

Dillali ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. Ya ce, "Malam Mai Ido, mai saye ya zo, ya gani, ya juya. Kai ne masani. Man ne, injin ne, ko hannun ne?"

Na yi gyaran murya na shiga jawabi. Na ce fenti hawa uku ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, na tsakiya mai launi, sai rigar sama mai ƙyalli wadda ba ta kai kaurin ledar burodi ba. Na ce kowane goge ɗan yanka ne, kuma abin da aka yanke ba ya tsirowa. Na zagi mai fentin da ya taɓa yi wa motar aiki, wanda ban san shi ba, Allah ya yafe min. Minti goma ina zuba. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ban kuma amsa tambayar ba.

Dillali ya ce, "Wato ba man ba ne."

Na ce, "Man kamfani ne, sabo fil."

Ya juya wajen Mai Soso. "To saura biyu, kuma duka naka ne. Zuwa ƙarshen wata ka gano min wanne ne. In hannun ne ya tsufa, akwai masu wankin zamani, masu riga iri ɗaya, da ke ta yi min sintiri. Sai in ba su filin."

Filin nan shi ne abincin gidan Mai Soso, baki tara. Dab da tashin kasuwa ya zo ya ajiye robar a kan teburina, ya ce, "Sai da safe, Yaya," ya wuce.

Jumma'a, 6 ga wata, da hantsi

Na canza ƙwai. Na sa biyu, masu ƙarfi. Mai Batir ya ce shagona ya koma ɗakin tiyata. Rubutun robar nan dai yana nan yadda yake. Zinare a kan baƙi, wa ya taɓa ganin haka? Laifin mai zane ne.

Asabar, 7 ga wata, bayan magariba

Na tafi da robar gida. Bayan an ci abinci na ajiye ta gaban Gwamnati. Matata ke nan. Ni na sa mata sunan, don ba a ƙetare dokarta kuma ba ta bayani.

Na ce, "Ke da kike cewa kin fi ni makaranta, karanta mana mu ji."

Ta karanta. Ba ta ko matso da ita kusa da fuska ba. Na ce ta sake. Ta sake, har da ƙaramin rubutun ƙasa da ke cewa kada a sa wa siririn fenti, kada a daɗe a kan gefe.

Na farko ne. Mai ci. Wanda muke ba masu cire sawun sanfefa.

"Baban yara, wannan ce ka ba Mai Soso?"

"Mai Batir ne ya hargitsa min kanta."

"Shi ya hargitsa. Wa ya ɗauko?"

Na ce shayin nan ya huce. Ta ɗaga kofin, sai ga katin asibitin nan a ƙarƙashi. Wata shida ke nan katin nan yana bina: ƙarƙashin kofi, cikin hula, aljihun riga. Ran nan a cikin takalmi na same shi. Ban san me take nufi ba. Lafiyata ƙalau.

Lahadi, 8 ga wata, da safe

Lafiyata ƙalau.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe tara

Na dafa shayi kofi biyu. Na shanye duka.

An ce Mai Soso ya shimfiɗa buhu a bakin filin Dillali, ya wargaza injin gogensa gaba ɗaya a gaban jama'a, yana neman abin da ya lalace. Injin da na san lafiyarsa fiye da tawa. Me yake nema a ciki?

Talata, 10 ga wata, bayan azahar

Wani malamin makaranta ya zo da farar mota da ruwan ido. Ya karanta abubuwa a waya har kansa ya kumbura. Wannan ya ce kaki, wancan ya ce ruwan gilashi, wani ya ce akwai roba guda mai yin komai.

Na zaunar da shi. Na ce, "Malam, ajiye wayar. Wanke motar tukuna. Ka sa hannu cikin leda ka shafa jikinta, in ka ji ƙurji-ƙurji, datti ne ya kama, ba goge take so ba tukuna. Karce kuwa, ja farce a kai. In farcen ya maƙale, babu man da zai cire shi, nemi mai fenti. Man goge cirewa yake, kaki rufewa yake, kada ka haɗa su. Wanda ya ce maka roba ɗaya na yin duka, tana yi, kamar yadda suruki ke taya aikin gida. Ka fara da mafi laushi, a inuwa, a wurin da ba a gani. In ya yi, tsaya nan. In bai yi ba, hau mataki ɗaya. Ɗaya na ce."

Ya ce to in ba shi mai laushin.

Na dubi kanta. Baƙaƙen abubuwa biyar suna tsaye kamar masu gadi.

Na ce, "Kai ne malami. Tashi ka karanto mana su, mu ga ko kuɗin makaranta bai tafi a banza ba." Ya ji daɗi, ya karanta su da ƙarfi, ya ɗauki tasa, ya jera min sauran. Ya tafi yana godiya.

Da ya tafi sai na kasa tuna ko daga hagu ya fara ko daga dama.

Wani abu kuma. Duk dabarun da na ba shi, leda, farce, shafa, na hannu ne. Yaushe na koma haka?

Alhamis, 12 ga wata, da hantsi

Na hango Mai Soso tsaye a bakin layi, na ɗaga hannu na ce, "Ɗan'uwa, fushi ake yi?" Bai amsa ba. Na ƙara da ƙarfi. Mai Batir ya fashe da dariya, ya ce, "Mai Ido, tayoyin mai faci kake gaisarwa. Sun amsa, a hankali suka yi."

Na ce wasa nake. Ya ce ya sani. Sai dai dariyar ta tsaya da wuri. Na fi son a yi ta har ƙarshe.

Alƙalamin nan ma ba ya fitowa. Na koma babba, irin na rubuta kwali.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe huɗu

Bari in yi lissafin abin a tsanake, kamar na wani.

Kamfani ne ya canza roba. Mai Batir ne ya taɓa kanta. Dillali ne ya sa gaggawa. Mai fentin da ban sani ba ne ya bar fenti siriri. Mai Soso ne ya riƙe inji. Mutum biyar ke nan, kamar robobin. Ni ina nake a ciki? Miƙa hannu kawai na yi.

In na ce ni ne, za a ce ta yaya. In na faɗi ta yaya, kafin la'asar labari ya kai bakin titi. Wa zai tuƙo mota daga wata unguwa ya zo neman shawarar mutumin da ke gaishe da taya?

In ban ce ba, baki tara.

Amma ai Dillali barazana yake. Ko ba barazana ba ce? Shekara sha tara ba a zubar da ita saboda tafin hannu guda na fenti. Ana zubarwa. Na ga an zubar da ta talatin saboda madubi.

Ban gama lissafin ba, wani ya zo neman tsumma.

Litinin, 16 ga wata, da yamma

Masu riga iri ɗaya sun zo filin Dillali gwaji. An ce suna da wata 'yar na'ura da suke ɗorawa a jikin mota ta faɗi kaurin fenti da lamba. Mai Batir ya je kallo ya dawo ya ce, "Mai Ido, an sa ka a batir."

Kofi biyu. Na zubar da ɗaya.

Laraba, 18 ga wata, bayan azahar

Na raka Gwamnati asibiti. Ita ce ba ta jin daɗi. Abin mamaki, ni likitan ya zaunar, ni ya yi ta haskawa da tocila. Ya nuna min allo ya ce in karanta. Na karanta masa na sama, babban. Na ce sauran ba su da ma'ana. Ya ce haka ne, ba su da ita, amma in faɗe su.

Ya faɗi wata kalma. Ba zan rubuta ba. Ya ce abu ne da ake cirewa, ba ya kai awa guda, yawanci ana dacewa. Na ce "yawanci" kalmar 'yan kasuwa ce, ni ma ina amfani da ita. Na tambaye shi ko yana gwadawa a ɓoyayyen wuri tukuna. Ya ce ɗaya ake fara yi, sannan ɗayan. Na ce to ka san aiki.

Ya sa rana, tara ga watan gobe. Ta Gwamnati.

Jumma'a, 20 ga wata, bayan la'asar

Matar Mai Soso ta zo gidanmu. Ina ɗaki ina jin su a tsakar gida. Ba ta kawo ƙara ba, da ma ta kawo. Gaisuwa kawai, da hirar yara. Da za ta tafi ta ce, "Yaya ba ya nan ne?" Gwamnati ta ce, "Yana nan. Yana neman wani abu ne a ɗaki, sati biyu ke nan bai same shi ba."

Bayan ta tafi Gwamnati ta shigo ta tsaya a kaina.

"Saura kwana goma, Baban yara."

"Na iya ƙirga."

"Na sani. Daga hagu."

Wannan matar, ban san wanda ya koya mata ba.

Lahadi, 22 ga wata

Ban fita ba. Lafiyata

Talata, 24 ga wata, da hantsi

Na rufe shago na tafi rumfar Mai Soso da robar a aljihu. Na same shi tsugune yana wanke sosuna a bokiti. Na zauna a kan jarka. Na yi maganar zafi. Na yi maganar tsadar sabulu. Ya bar ni na gaji don kaina.

Na ce, "Robar nan da na ba ka, ba mai laushi ba ce. Ta farko ce."

Ya matse soso. "Na sani, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Robar, tun zagaye na biyu, da na ji injin ya kama. Na ɗaga, na riga na makara." Ya shanya soson a kan waya. "Idon kuwa, shekara biyu."

Ban san abin da fuskata ta yi ba. Ya ci gaba kamar yana ba da labarin wani.

"Da can in ka miƙo min rawaya ka ce fara ce, sai in ce bari in ɗauki ta baya wadda ba ta sha ƙura ba. Ba ka taɓa mamakin yadda na tsani ƙura haka ba? In launin ya ruɗa ni, in murza a yatsa. Baƙaƙen nan ne suka gama da mu. Kai ba ka gani, ni ba na karantawa, yatsa kuma an kashe masa aiki."

Na ce, "To me ya hana ka gwadawa, tunda ka san halin da ake ciki?"

"Na yi niyya. Dillali na kaina yana duba agogo. Wannan nawa ne, bar min kayana."

"Me ya hana ka faɗa masa ni ne?"

"In ce me? In ce yayana ba ya gani? Ba a bakina ba."

"Injin fa, da ka wargaza a bainar jama'a?"

"Inji ba ya jin kunya, Yaya."

Na zauna ina kallon bokiti, ko abin da nake zaton bokiti ne. Sati uku ina ɓoye wa mutum abin da shi ya shekara biyu yana ɓoye min. Ban san wanda ya kamata ya ba wani haƙuri ba. Na ce masa shayin safe ya yi min yawa. Ya ce gobe zai zo, amma ba zai kawo sukari ba.

Laraba, 25 ga wata, bayan azahar

Na faɗa wa Dillali. A gaban yaransa na ofis da masu leƙe, don in an ji daga bakina sau ɗaya ya fi a ji daga bakin Mai Batir sau goma. Na ce ba inji ba ne, ba hannu ba ne, ni ne na ɗauko roba ban ga abin da ke jikinta ba, kuma ni na hana a gwada. Na ce idon ya shekara biyu a haka.

Dillali ya gyara zama.

"Wato shekara biyu," ya ce, "wanda ba ya gani ke zaɓa wa wanda ba ya karantawa. Motocina kuma suna ta tafiya."

Na ce haka lissafin ya nuna.

"Fentin baƙar a wuyanka."

"A wuyana."

"Amma ni ba tausayi nake sayarwa ba. Ga wata jar mota can a ƙarshen fili, shekara uku a rana, ta koma kamar bulo. Masu riga iri ɗaya sun ɗora mata na'ura sun ce sai sabon fenti. Ku tashe ta kafin Litinin. In ta tashi, filin na nan inda yake. In ba ta tashi ba, ku biyu ku je ku buɗe makaranta."

Kafin in dawo shago labari ya riga ni. Mai Batir ya ce, "Mai Ido, tun bara kowa ya sani. Wa kake zato ke kawar maka da bokitin mai faci daga hanya kullum?" Wato ni kaɗai ne a kasuwar nan ban ji labarin ba.

Amma da la'asar na ji muryar wani tsohon mai sayen kayana, mai jeren motocin haya, a shagon da ke gaba da ni. Bai ko yi sallama ba. Ashe ba kowa ke kawar da bokiti ba.

Jumma'a, 27 ga wata, da hantsi

Mai Soso ya kawo wata tsohuwar ƙofar mota baƙa ya jingina a bango. Ya ɗauki roba, ya ƙura mata ido, ya tsoma yatsa a farin man goge, ya zana baƙaƙen da ya gani a jikin ƙofar, kowanne kamar tsawon hannu. Bai san ko ɗaya ba. Yana zanawa yana cewa, "Ga mai kama da tsani. Ga ƙwai. Ga wani mataji." Ni kuma daga kujera ina haɗawa ina karantawa. Duk wadda muka gane, ya sa wuƙa ya tsaga murfinta: tsaga ɗaya mai ci, har zuwa biyar. Yanzu ko a duhu yatsa ya san su. Gwanin da aka ɗauko takanas, Allah ya ba shi haƙuri, mun mayar masa da kaya ƙauye.

Sannan muka tafi wajen jar. An wanke, na sa hannu a leda na shafa ta kaf. Na ce mu fara da mai tsaga huɗu, a ƙasan ƙofar baya, wuri kamar tafin hannu. Ya yi. Na ce, "Dubi soson. Ya yi ja?"

"Jawur."

Fentin da ne, wanda launi da ƙyalli ke haɗe, babu rigar sama. Saman ne kawai ya mutu, mai rai na kwance a ƙasa. Na'urarsu ta faɗa musu kauri, ba ta faɗa musu wane iri ba ne. Ko ta faɗa ba su tambaya ba.

Mai huɗu bai isa ba. Muka hau ɗaya. Mai uku ya ɗauke shi. Mai Soso ya ce mai biyu zai fi sauri. Na ce ɗaya na ce. Ya ce, "Yau kuma dokar bango ta dawo?" Na ce ta je asibiti ne ta dawo.

Asabar, 28 ga wata

Goge. Kunnena na ta ƙara. Ranar tara ga wata, to, ni ne. Na rubuta.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe sha biyu

An turo jar cikin rana. Na ji jama'a sun ce "Kai!" baki ɗaya. Wani ya ce yana ganin haƙoransa a ƙofa. Mai Batir ya ce a rufe ta kafin ta makantar da sauran. Ni abin da na gani, wani babban abu ja, gefensa na narkewa cikin haske.

Dillali ya zagaya ta sau biyu, na ji takalminsa. Ya tsaya kusa da ni ya ce, "Malam Mai Ido, me ka gani?"

Ban san ko tsokana ce ko girmamawa ba. Shekara ashirin da biyu jiki ya saba. Kafin in yi tunani na riga na sunkuya, na karkata kai, na ja baya, bakina ya ce, "Saura kaɗan a kafaɗar hagu."



Mai Soso ya ɗauki tsumma ya zagaya hagu. Ya durƙusa. Ya daɗe. Ya ce, "Ai kuwa, Yaya." Na ji tsumma na aiki, a hankali, kamar minti biyu. Ya miƙe ya ce, "Ya fita."

Dillali ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce filin na nan inda yake, akwai wata farar mota da ke jiran goge gobe da safe.

Na dawo shago, na dafa kofi biyu, an sha duka. Gwamnati ta daina sa min kati a takalmi. Komai ya daidaita, in ji kowa.

Ni dai abu ɗaya ya tsaya min. Akwai tabo a kafaɗar hagun nan, ko babu? Kuma in an gyara ni ranar tara na dawo ina gani tar, wa zai nuna min wurin da aka riga aka goge?